Rigar da Ɓarawo Ke Cirewa a Ƙarshe

Maigidana, ga kacici-kacici kafin gaisuwa, tunda an ce kai ne mai ilimin gidan nan. An sa mini riga ina jaririya, ban zaɓe ta ba, ban taɓa wanke ta ba. Na girma aka yi ta ɗora mini wasu a kanta, har ta nutse a ƙasa, ba mai ganinta. Sai ɓarawo ya shigo gida. Ba ya gaggawa, yana zare na saman ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa sai ya gama da kowace kafin hannunsa ya kai gare ta. Wace riga ce? In ka kasa ka ba ni gari. Amma kada ka ba ni Kuru, na ƙoshi da Kuru.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar kaka ga jikanta, kuma gaisuwar mata ga mijin da tun da aka haife shi bai taɓa kawo mata cefane ba. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya da natsuwa, ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe.

Na san za ka ce daga Dilimi zuwa gidan ubanka a Ali Kazaure, duk a nan cikin Jos, ba nisan da za a rubuta wasiƙa ba ne. Gaskiyarka. Amma ni da kai in muka haɗu ba ma maganar kirki, sai tsiya. Kuma yanzu in na yi magana da baki, ko in maimaita ta har ka gaji, ko in bar rabinta a hanya. Takarda ba ta gigi. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun 'yar ajin yaƙi da jahilci ne.

Goggonka Asabe ta faɗa mini abin da ka je wa ubanka da shi. Makarantar Turawa ta kira ka ka je ka yi bincike a kan yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa, biza ta fito, jaka ta kusa cika, sai ka ce a ɗaga tafiyar saboda ni. Na san daga inda abin ya taso. Ranar da ka raka ni asibiti likita ya ce in zana agogo, na tara lambobin duka a gefe ɗaya kamar awaki sun samu inuwa. Ka yi dariya don in ji daɗi, amma na ga yadda ka kafa wa takardar ido. Likita ya ce mai yiwuwa farkon ciwon mantuwa ne, irin wanda ya ɗauke kakanka. Ni na riga shi sani. Na tsaya a tsakiyar kasuwa da kwandon dankali na rasa ta ina ake fita, kasuwar da nake shiga tun ina goyon ubanka.

To ban yarda ka fasa ba. Zauna ka karanta dalili.

Da farko bari in biya maka karatun da ka yi mini a tsakar gida lokacin da kake rubuta jarrabawarka ta ƙarshe, ka ga ko ɗalibarka ta riƙe. Ka ce a cikin kan mutum akwai ƙananan ƙwayoyi da ba sa lissafuwa, kowace da dogon hannu tana miƙa wa 'yar'uwarta saƙo, kuma wannan miƙe-miƙen shi ne tunani, shi ne sanin fuskar ɗanka. Ka ce a cikin dogon hannun nan akwai layi kamar layin dogo, da ake dakon abinci da kaya a kansa daga wannan kai zuwa wancan. Akwai wani sinadari, furotin, da kuke kira tawu, aikinsa riƙe layin kada ya goce. Da ka faɗi haka na ce a raina, ashe aikin Malam ne, don kakanka ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaure ƙusoshin layin dogo a wajen Kuru. Ka ce in ciwon ya zo, tawu ɗin sai ya saki layin, ya lanƙwashe, ya cukuikuye da 'yan'uwansa kamar ulun saƙata in kyanwa ta same shi. Layi ya warwatse, kaya ba sa isa, ƙarshen hannun ya fara bushewa. Abin da ya fi ba ni tsoro, ka ce lanƙwasasshen yana koya wa mai lafiya lanƙwasa, har ya tsallaka maƙwabta.

A waje kuma, tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ka ce akwai wani mai danƙo, amiloyid, da ke taruwa yana daskarewa kamar ƙanzo a gindin tukunyar da aka daina kankarewa. Ka ce ƙwaƙwalwa tana da masu shara nata, sai su taso su share. Su yi ta fama, abin ya fi ƙarfinsu, ransu ya ɓaci, su koma zuba abin da ke ƙona har masu lafiya. A cikin ƙwayar kuma ɗan murhun da ke ba ta ƙarfi ya fara yoyo, kwandon shararta ya cika ba mai kwashewa, wani gishiri da ka ce sunansa kalsiyam ya kwararo mata ta ƙofofin da ya kamata su rufe. Daga nan, ka ce, ƙwayar da kanta take ba da umarnin a rushe ta. Na tambaye ka, in ta mutu wata na tsirowa? Ka girgiza kai, ka ce galibi ba a mayar da gurbinta. Na ce to wanne ne ke fara kunna wutar, mai danƙon ko mai cukuikuyewar? Ka ce, “Inna, abin da manyan malamai ke ta musu a kai ke nan, shi nake so in je in duba.” Na ci jarrabawa ko ban ci ba?

Abu ɗaya da ka faɗa ranar ya hana ni cin abinci. Ka ce ɓarnar takan fara ne daga ɗakin da ake ajiye sabon abu, tsohon ajiya kuwa yakan daɗe bai taɓu ba. Da na san wannan a lokacin ciwon Malam, da abubuwa da yawa ban yi su yadda na yi ba. Kai kana makarantar kwana a lokacin, hutu kawai kake gani. Bari ka ji sauran.

Ka san bakina. Da Malam ya fara tambayar abu ɗaya sau da yawa, sai na mayar da shi wasa. In kawo masa shayi in tsaya in ce, “To Alhaji, wace ce ni? In ka faɗa daidai a sa maka sukari.” Yakan yi murmushi ya ce, “Ke dai ba kya girma.” Ina jin daɗi wai ya gane ni. Ashe dabara yake yi, ya samu maganar da za ta rufa masa asiri. Wata rana na yi masa tambayar a gaban baƙi, ya dube ni, ya dubi baƙin, sai ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka tsayar gaban aji. Bai sha shayin ba. Maigidana, duk inda ka tarar da mai wannan ciwo, a asibitinsu ko a gidan nan, kada ka yi masa jarrabawa. In ka shigo ka faɗi ko kai wane ne tun daga bakin ƙofa, ka sauƙaƙa masa. Mutum yakan manta abin da aka tambaye shi, amma kunyar takan kwana a jikinsa.

Sannan muka ce sammu ne. Ba ni kaɗai ba, duk gidan, amma ni ce na fi kowa zaƙewa. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya wayi gari yana cewa an sace masa hula, hular tana kansa. Muka yi hayaƙi har labulen ɗaki ya canza launi, muka yi rubutu, muka yi tofi. Addu'a ba ta taɓa zama asara ba, har gobe ina sha ina shafawa. Asarar ita ce na sa wa wata maƙwabciyarmu ido, na daina amsa gaisuwarta da sakin fuska, baiwar Allah ba ta san hawa ba balle sauka. Kuma na rufe Malam a gida don kada a ce Alhaji ya haukace. Na hana shi zaman dakalin ƙofar gida inda tsofaffin direbobi da teloli ke hira da la'asar, alhali nan ne kaɗai harshensa ke sakewa. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce mun daɗe. Ka riƙe addu'a da hannu ɗaya, asibiti da ɗaya. Ni kuma kada wanda ya ɓoye ni. In na fita da ɗankwali a karkace, a gyara mini a bar ni in sha iska. Ka faɗa wa ubanka, ya fi jin maganarka, don shi kunyar mutane ta yi masa yawa.

Akwai kuma maganar uwarsa. Da ciwon ya yi nisa, kullum da yamma sai ya ɗauki takalmi ya ce zai tafi gida, Iya na jiransa. Ni kuma wai mai gaskiya, sai in ce, “Haba Malam, Iya ai ta rasu tun kafin a haifi Asabe.” Sai ya zauna ya riƙe kai ya ce, “Yaushe? Me ya sa ba a faɗa mini ba?” Ya yi kuka irin na ranar farko. Gobe ya sake tambaya, in sake faɗa, ya sake yin sabon makoki. Ban san sau nawa na binne masa uwa ba kafin Asabe ta ce, “Inna, don Allah ki bari.” Daga baya na koyi cewa, “Ba ni labarin Iya, me take dafa maka?” Sai ya ajiye takalmin ya hau labarin gwate. Ba ƙarya na yi masa ba, na dai daina kai masa gaskiyar da ba shi da inda zai ajiye ta.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro.

Ka san dalilin da ya sa ake ce maka Abba, ni kuma nake ce maka Maigidana. Sunan kakanka aka sa maka. Mu a tarbiyyarmu mace ba ta kama sunan mijinta, kunya ce, girmamawa ce. Tun ranar da aka kai ni gidansa bakina bai taɓa furta shi a gaban mutum ba. Ina amarya “shi” nake cewa, ko “mai ɗakin nan”. Aka koma Malam. A wurin aiki da ya samu girma yara suka sa masa Oga. Ya sauke farali aka koma Alhaji. 'Ya'yansa Baba, ku jikoki Baba Tsoho. Har a asibiti in ma'aikaciya ta tambayi sunan mara lafiya, sai in juya in ce wa Asabe, faɗa mata.

To ciwon nan sai ya bi sunayen yana ɗauka daga na baya-bayan nan. Aka wayi gari in an ce Alhaji ba ya juyowa, kamar da wani ake. Oga ya tafi. Baba ya tafi, ubanka ya fita waje ya share hawaye ranar da ya gane haka. Malam ya ɗan jima, shi ma ya bi su.

Wata rana da hantsi na shiga wanka, na fito ba shi. Aka bazama nema. Wani ɗan acaɓa ya ce ya ga an sa shi a motar Bukuru, hanyar Kuru. Hankalina ya tashi, don na san inda ya nufa: tsohon barikin ma'aikatan kuza kusa da Kuru, inda aka haife shi. Ka san ramukan da haƙar kuza ta bari a wajen, cike da ruwa, ba a ganin ƙasansu. Kuma lokacin gari bai gama hucewa daga rigingimun da suka raba unguwanni ba, kowa na tsoron taka inda ba nasa ba. Ana cikin haka waya ta shigo daga gidan Baba Gyang, abokin kakanka na ƙuruciya, Kirista ne, tare suka tashi a barikin. 'Ya'yansa sun ga wani tsoho da farar riga zaune a bakin rami, ya ƙi kowa ya matso.

Muka je da ubanka da Asabe. Ga shi nan zaune a kan tudun jar ƙasa, ƙafafunsa na lilo a saman ruwa. Ubanka ya matsa a hankali ya ce, “Baba, tashi mu tafi gida.” Ko gezau. Ya kai hannu, sai Malam ya ƙara jan jiki gaba, ƙasa ta zubo cikin ruwan. Na ce, “Malam! Alhaji! Don girman Allah!” Ya dube ni kamar mai tallar da ba ya son kayanta.

Sai ga Baba Gyang an riƙo shi, yana dogara sanda, da hular sanyi har kunne. Bai ma matsa kusa ba. Ya tsaya ya buɗe murya ya kira shi da sunan nan, tsirararsa, yadda yara ke kiran juna, ya ce, “Kai ɗan banza, me kake yi a bakin ruwa? Iya ta ce in ta kama ka sai ta zane ka. Taso mu je, gwate na hucewa!”

Malam ya juyo. Wallahi fuskarsa ta buɗe irin yadda na manta tana yi. Ya ce, “Gyang, kai ne ka kai ƙarata ko? Munafuki.” Ya janye ƙafafunsa, ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya bi shi kamar ba komai.

A gidan Baba Gyang matar ɗansa ta kawo mana ruwa da abinci. Baba Gyang ya jawo kujera kusa da ni ya ce, “Hajiya, wannan Alhajin da kuke ta kira, bai san shi ba fa. Bai kai wurin ba tukuna. Ki kira shi da sunansa.”

Na ce, “Haba Baba Gyang, da tsufana? A gaban 'ya'ya?”

Ya ce, “To ki kore su waje mana. Ke da kike da bakin da ya ishi Jos gaba ɗaya, kalma ɗaya ta gagare ki?”

Ta gagare ni. Ka ji ni da kyau, ba ƙi na yi ba. Nakan shiga ɗaki da kwanon abinci, in rufe ƙofa, in buɗe baki, sai harshena ya yi nauyi kamar dutse, in ji kamar uwata na tsaye a bayana. In ƙare da “ga abinci”. Shi kuma ya kau da kai, don bai san da wa ake ba, kuma ba ya karɓar abinci a hannun baƙuwa. Sai mun buga wa Baba Gyang waya ya kira shi ta cikinta, sannan ya buɗe baki. Na taɓa gwadawa a madafa ni kaɗai, na faɗa wa tukunya a hankali, har na ji daɗi na ce gobe zan faɗa masa. Goben ta yi ta zama gobe. Ya rasu da damina, ina riƙe da hannunsa, ina ce masa Malam.

Ba na cewa kunya mugun abu ce. Ita ta riƙe gidan nan, kuma ina so ka tafi da taka can inda aka ce ba ta da kasuwa. Amma an yi ta ne don a girmama mutum. Ranar da ta koma tsakaninka da mutumin da ke nutsewa, ka ajiye ta ka miƙa hannu.

To ga inda kake shigowa. Ubanka ba zai iya kama sunana ba ko za a yanka shi. Asabe ma haka. Sa'o'ina da suka san ni da sunan nan sun ƙare, Baba Gyang ma ya bi abokinsa. Duk zuriyar nan mutum ɗaya ne al'ada ta ba shi lasisin yi mini rashin kunya, shi ne jika, kuma a cikin jikoki kai ne shugaban marasa ta ido. Wannan aikin ba ya bukatar ka zauna a Dilimi. Murya yake bukata, waya kuwa tana kai murya. In ka zauna me za ka yi mini? Wanka? Asabe na nan, kuma ko na manta duniya ba zan yarda ka ga bayana ba. Za ka zauna ne kana kallon layin dogo na warwatsewa, kana sane da sunan kowace ƙusa, ba ka da abin ɗaure ta. Wannan zaman zai cinye ka, ni kuma ba zan ma san ka yi shi ba.

Ka tafi. Ba na ce ka samo mini magani ba, kada ka ɗora wa kanka wannan, na san nawa ya riga ya kama hanya. Ka je ka duba wanne ke fara kunna wutar, ko don jikokin Asabe da na Baba Gyang. In an miƙo maka yankin ƙwaƙwalwar wani a kan gilashi, ka yi bisimilla kafin ka taɓa, ka tuna uwar wani ce ko uban wani, kuma akwai sunan da yake juyowa in an kira. In bincike ya ƙi, kada ka ƙara masa gishiri don a yaba maka, ka faɗi abin da ka gani. Ka riƙe salla ko da rana ta ƙi fitowa. Rigar sanyin da na saƙa maka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na ɓata ƙirga a tsakiya, ka sa ta haka nan, ɗan Jos ba ya jin kunyar suwaita.

Ka riƙa kira duk Juma'a. Yanzu da sauran hankalina ka ce Inna, in zage ka, ka rama. In Asabe ta ce maka na daina juyowa ga Hajiya, kada ka damu. In Inna ma ta tafi, kada ka yi kuka a waya, kada ka ce “kin gane ni?” Ka sa ta kara mini wayar a kunne, ka kira ni yadda uwata ke kirana in na daɗe a rafi, da ƙarfi, da ɗan faɗa-faɗa. Ka ce in zo in ci abinci. Ina jin zan zo.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka daga sharrin hanya da na zuciya. Allah ya buɗe maka abin da ya rufe wa na gabanka, ya jiƙan kakanka, ya sa in cika da kalmar shahada ko da ita kaɗai ta rage a kaina. Na yafe maka cefanen da ba ka yi ba, duniya da lahira.

Na san ba ka canka ba, kuma ba sai ka ba ni gari ba. Rigar nan sunan yanka ce. Nawa Hansatu, uwata Hansai take cewa. Na kakanka, wanda yake naka, Iliya ne.